Darasin Harshe: Salon Maganar Turanci a Kan Aiki Mai Wuya, da Yadda 'Yan Ƙasar Cek Suke Koyonsa

Kowane harshe yana da hanyar da yake faɗin wahala. Bahaushe ba ya tsayawa a kan cewa aiki ya yi wuya. Yakan ce jan aiki ne. Yakan ce an gama da ƙyar da jiɓin goshi. Baƙon da ya san kalmar "ja" da kalmar "aiki" zai tsaya yana duba inda aikin ya yi ja, ba zai gani ba. Irin wannan magana ita ce salon magana. Kalmominta suna nuna abu ɗaya, amma manufarta tana wani wuri.

Turanci ma cike yake da irin wannan magana. Masu harshen suna kiranta idiom. Darasin wannan wata ya tattaro waɗanda ake faɗa a kan aiki mai wuya. An bi su ta kan mutanen ƙasar Cek masu koyon Turanci, domin harshensu yana nuna inda mai koyo yake samun sauƙi da inda yake tuntuɓe.

SU WANE NE 'YAN CEK?

Jamhuriyar Cek ƙasa ce a tsakiyar Turai. Ba ta da bakin teku. Maƙwabtanta huɗu ne: Jamus, Folan, Ostiriya da Sulobakiya. Babban birninta Firag ne, wanda 'yan ƙasar suke kira Praha. Mutanenta sun wuce miliyan 10. A da ita da Sulobakiya ƙasa ɗaya ce mai suna Cekosulobakiya. Sun rabu cikin lumana ranar 1 ga Janairu, 1993.

Daga 1948 zuwa 1989 ƙasar tana ƙarƙashin mulkin gurguzu. A lokacin, Rashanci ne harshen waje da ya zama dole a makarantu. Da mulkin ya faɗi a ƙarshen 1989, sai mutane suka juya ga Turanci. Manya da yawa sun koma aji da furfurarsu. Yau yaran ƙasar suna fara Turanci tun a firamare.

A 2004 ƙasar ta shiga Tarayyar Turai. A wannan shekara Birtaniya ta buɗe wa 'yan Cek ƙofar zuwa neman aiki. Wannan dama ta ƙare a ƙarshen 2020, bayan Birtaniya ta fice daga Tarayyar. A tsakanin nan matasa da yawa sun yi aiki a gonaki da otal-otal da masana'antu na Ingila. A can suka ga cewa Turancin aji daban, Turancin bakin aiki daban.

ME YA SA ABIN YAKE DA MUHIMMANCI?

A ɗauka wani matashi ɗan Cek ya samu aikin gona a Ingila. Mai gona ya nuna masa fili, ya ce: "You have your work cut out for you." Matashin ya san work aiki ne. Ya san cut yanka ne. Sai ya ɗauka an yanke masa aikin, wato an rage masa. Ya yi murna. Ya yi alkawarin gamawa kafin yamma, a kan kuɗi kaɗan.

Ashe mai gonar gargaɗi yake yi masa. Abin da yake nufi shi ne: akwai jan aiki a gabanka. Matashin ya san kowace kalma, amma bai san maganar ba. Ga ƙarfinsa ya tafi, ga alkawari ya karye, ga ladan bai kai wahalar ba.

Da irin waɗannan maganganu ake auna aiki kafin a fara shi. Wanda ya fahimce su ya san lokacin da zai nemi ƙarin kwana, ko ƙarin hannu, ko ƙarin kuɗi.

DABARAR WANI MALAMIN CEK

'Yan Cek suna da wani shahararren malami mai suna Jan Amos Komenski. An haife shi ranar 28 ga Maris, 1592, ya rasu a 1670. Ranar haihuwarsa ita ce ranar malamai a ƙasar, kuma hotonsa yana kan takardar kuɗinsu ta koruna 200. A 1658 ya fitar da littafin koyon harshe mai suna Orbis Pictus, wato duniya cikin hotuna. Kowane darasi yana da hoto. Yaro ya fara ganin abu, sannan ya koyi sunansa.

Wannan dabara ta dace da salon magana, domin kowane salon magana hoto ne. A cikinsa akwai tudu, ko allura, ko fartanya, ko kasko. Wanda ya ga hoton a zuciyarsa ba zai manta maganar da sauri ba. Saboda haka kowace magana a darasin nan ta zo da hotonta, da manufarta, da misali.

KASHI NA ƊAYA: HOTO ƊAYA, MANUFA ƊAYA

Waɗannan su ne masu sauƙi ga ɗan Cek. Hoton da Bature yake gani, shi ne shi ma yake gani a harshensa.

1. A hard nut to crack.
Hoton: ƙwallo mai taurin ɓawo, kamar ƙwallon goruba, wanda sai da dutse ake fasa shi. Manufa: matsala mai wuyar warwarewa, ko mutum mai wuyar shawo kai. 'Yan Cek suna cewa tvrdý oříšek, wato ƙwallo mai tauri.
Misali: This sum is a hard nut to crack. Ma'ana: Lissafin nan ya yi tauri.

2. Like looking for a needle in a haystack.
Hoton: neman allura a cikin tulin busasshiyar ciyawa. Manufa: neman abin da da ƙyar za a same shi. 'Yan Cek ma allura suke nema, kuma a cikin tulin ciyawa. Bahaushe nasa allurar a ruwa ta faɗa, shi ya sa yake cewa allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

3. To bite off more than you can chew.
Hoton: mutum ya gatsi lomar da ta fi ƙarfin bakinsa, ya kasa taunawa. Manufa: karɓar aikin da ya fi ƙarfin mutum. 'Yan Cek suna cewa ya gatsi babbar loma. A Hausa wannan shi ne ɗaukar Dala ba gammo.
Misali: He took three farms and bit off more than he could chew. Ma'ana: Ya kama gona uku, ya ɗauki Dala ba gammo.

4. To roll up your sleeves.
Hoton: naɗe hannun riga kafin a kama aiki. Manufa: shirin yin aiki tuƙuru. Turanci da harshen Cek sun yi daidai a nan. Hausa ma ba ta yi nisa ba, domin tana da zage damtse.

KASHI NA BIYU: GADON TATSUNIYOYIN GIRKA

Akwai maganganun da Turanci da harshen Cek suka ɗebo daga rijiya ɗaya. Rijiyar ita ce tatsuniyoyi da tarihin tsoffin mutanen Girka, waɗanda aka daɗe ana karantawa a makarantun Turai. Ɗan Cek ya san su tun yana yaro. Abin da ya rage masa shi ne yadda ake furta su da Turanci.

5. A Herculean task.
A tatsuniyar Girka, Hakulis wani ƙaƙƙarfan jarumi ne. An ɗora masa manyan ayyuka 12. Ɗaya daga ciki shi ne share garken shanun wani sarki mai suna Ogiyas a yini ɗaya. An yi shekaru ba a kwashe kashin garken ba. Hakulis bai ɗauki shebur ba. Ya karkato ruwan koguna biyu, suka bi ta garken, suka wanke shi tas. Daga nan duk aikin da yake buƙatar ƙarfi na ban mamaki ake ba shi sunan wannan jarumi. 'Yan Cek kuma har yau idan suka ga wuri ko ofis da ya lalace da ƙazanta da rikici, sukan kira shi garken Ogiyas.

6. A Sisyphean task.
Sisifas sarkin birnin Korinti ne a tatsuniya. An hukunta shi da tura ƙaton dutse zuwa kan tudu. Duk lokacin da ya kusa kaiwa, sai dutsen ya gangaro ƙasa. Sai ya sake farawa, har abada. Manufar maganar ita ce aikin da ake shan wuyarsa amma ba ya ƙarewa, kamar ɗibar ruwa da rariya. Bahaushe yakan ce aikin baban giwa.

A lura da bambancin waɗannan biyu. Aikin Hakulis yana da wuya, amma yana ƙarewa. Aikin Sisifas ba ya ƙarewa. Wanda ya ce wa ma'aikaci ya yi aikin Hakulis ya yabe shi. Wanda ya ce masa aikin Sisifas yake yi ya gaya masa wahalarsa ta banza ce. Mai koyo da ya haɗa su zai iya ɓata wa mutum rai yana zaton yabo ya yi.

7. To cut the Gordian knot.
A garin Godiyam, cikin ƙasar da yau ake kira Turkiyya, an ce akwai wani keken shanu da aka ɗaure da ƙulli mai sarƙaƙiya. An ce duk wanda ya kwance shi zai mulki Asiya. Sarki Iskandari na Makidoniya ya isa garin a shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa. Labari ya ce bai tsaya kwancewa ba, ya zaro takobi ya sare ƙullin. Manufar maganar ita ce yanke doguwar matsala da mataki ɗaya mai ƙarfi.

KASHI NA UKU: MANUFA ƊAYA, HOTO DABAN

A nan ne mai koyo yake fara tuntuɓe. Yana da maganar a harshensa, amma idan ya juya ta kalma da kalma zuwa Turanci, Bature ba zai gane ba. Dole ya ajiye hotonsa, ya ɗauki na masu harshen.

8. Between a rock and a hard place.
Hoton Bature: mutum a tsakanin dutse da wuri mai tauri. Manufa: zaɓi biyu, kowanne da wahala. Ɗan Cek yana ganin kansa a tsakanin duwatsun niƙa biyu, ko a tsakanin masaba da uwar maƙera. Bahaushe yana cewa gaba kura, baya sayaki.
Misali: manomin da bashi ya kama shi. In ya sayar da hatsi da kaka, ya faɗi. In ya ajiye, mai bashi yana ƙofa.

9. Out of the frying pan into the fire.
Hoton Bature: abu ya yi tsalle daga kaskon suya, ya faɗa cikin wuta. Ɗan Cek yana cewa daga taɓo zuwa kududdufi. Yakan kuma ce daga ruwan sama zuwa ƙarƙashin indararo. Duk abu ɗaya ne: an gudu ba a tsira ba.

10. It is no picnic.
Turawa suna da al'adar fita bayan gari da abinci, su shimfiɗa mayafi a ciyawa, su ci su huta. Sunan wannan fita picnic. Idan suka ce aiki ba irin wannan fita ba ne, suna nufin akwai wuya. Ɗan Cek yana cewa abin ba zuma ba ne.
Misali: Digging a well is no picnic. Ma'ana: Haƙa rijiya ba wasa ba ne.

11. Like pulling teeth.
Hoton: cire haƙori. Ana faɗin haka idan samun abu daga wurin mutum ya yi wuya, musamman magana ko amsa. Ɗan Cek yana da nasa hoton mai ban dariya. Yakan ce magana tana fitowa daga bakin wane kamar daga bargo mai gashi, wato sai an tsinto ta ɗaya bayan ɗaya.

12. To throw in the towel.
Wannan daga damben Turawa ya fito. Idan ɗan dambe ya jigata, mai horar da shi yakan jefa tawul cikin fage, alamar sun saduda. Manufar maganar ita ce barin aiki saboda an kasa. 'Yan Cek sun san jefa tawul. Amma tsohuwar maganarsu ita ce jefa bindiga cikin gonar hatsi, kamar sojan da ya yar da makaminsa ya gudu. Wanda ya gaya wa Bature cewa abokinsa ya jefa bindiga a gona, yana iya jawo wa kansa tambayoyin da bai shirya musu ba.

13. We are not out of the woods yet.
Hoton: matafiya ba su fita daga kurmi ba tukuna. Manufa: abu ya yi sauƙi, amma haɗari bai wuce ba. Ɗan Cek ba ya ambaton kurmi, yakan ce ba a fita daga mafi muni ba. Bahaushe yana cewa tsugune ba ta ƙare ba. Likita yakan faɗi haka a kan majinyaci, ɗan kasuwa kuma a kan bashi.

KASHI NA HUƊU: MASU TARKO

Waɗannan su ne kalmominsu suke kai mai koyo wata hanya daban. Su suka fi buƙatar kulawa.

14. To have your work cut out for you.
Wannan ita ce ta yaudari matashin da aka ambata a sama. Hoton na tela ne. An yanka yadi, an tara masa a gaba, saura ɗinki. Yankan bai rage masa komai ba. Ya dai nuna masa tulin aikin da ke jiransa.

15. A piece of cake.
Kalmomin suna cewa yankin kek. Manufar ita ce abu mai sauƙi ƙwarai, kamar shan ruwa. Wannan tana rikita ɗan Cek, domin yana da karin maganar da ke cewa ba aiki, ba koláč. Shi koláč wani burodi ne mai zaƙi da ake sa wa 'ya'yan itace ko cuku a tsakiya. Saboda haka a zuciyar ɗan Cek, kayan zaƙi ladan wahala ne. A bakin Bature kuwa alamar sauƙi ne. Idan ɗan Cek yana so ya ce abu da sauƙi, yakan ce hračka, wato abin wasan yara.

16. A tall order.
Kalmar tall tana nufin dogo. Kalmar order tana nufin umarni ko odar kaya. Amma ba a maganar tsawo a nan. Manufar ita ce buƙatar da ke da wuyar cikawa.
Misali: Ten bags by Friday? That is a tall order. Ma'ana: Buhu goma kafin Juma'a? Da kamar wuya.
Wannan hanya ce ta ladabi ta nuna cewa an nemi abin da ya yi yawa, ba tare da an ce a'a ba.

17. To break the back of the work.
Kalmomin suna cewa karya bayan aiki. Mai koyo zai zaci ɓarna aka yi. Alhali albishir ne. Manufar ita ce an ci ƙarfin aikin, saura kaɗan. Amma a kula, akwai 'yar'uwarta mai kama da ita, back-breaking work. Wannan aiki ne mai karya bayan mai yinsa, kamar sassabe ko ɗaukar bulo. A ta farko aiki ne ya karye. A ta biyu mutum ne.

18. A hard row to hoe.
Wannan maganar manoma ce. Kalmar row tana nufin kunya ta gona, hoe kuma fartanya ce ko yin noma da ita. Hoton: kunya mai tauri da za a nome. Manufa: doguwar wahala da mutum zai bi da haƙuri, kamar ta macen da mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Tarkon yana cikin kunne. Mutane da yawa, har da masu harshen, sukan ji road, wato hanya, maimakon row. Wanda ya taɓa riƙe fartanya ba zai yi wannan kuskure ba, domin ya san ba a nome hanya.

19. An uphill struggle.
Hoton: hawan tudu. Duk wanda ya tura amalanke zuwa kan tudu ya san manufar. Aiki ne da kowane taki sai an yi da ƙarfi. Tarkon yana ga kishiyarta. Idan aka ce abu is going downhill, ba sauƙi ake nufi ba. Ana nufin yana lalacewa.

20. A catch-22.
Wannan ba tsohuwar magana ba ce. Sunan littafi ne da wani marubucin Amurka, Joseph Heller, ya fitar a 1961. Labarin sojojin sama ne a Yaƙin Duniya na Biyu. A cikinsa akwai wata doka. Sojan da ya taɓu za a iya sauke shi daga tashi, in ya nema. Amma duk wanda ya nema ya nuna yana da hankali, don haka dole ya ci gaba da tashi. Ba mafita. An fassara littafin zuwa harshen Cek da sunan Hlava XXII, kuma 'yan ƙasar suna amfani da wannan suna a maganarsu. Misali na yau da kullum: ba a ba matashi aiki sai yana da gogewa, kuma ba zai samu gogewa ba sai an ba shi aiki.

ƘANANAN KURAKURAI MASU ƁATA MAGANA

Na farko, ƙananan kalmomin nan biyu, a da the. Harshen Cek ba shi da su. Saboda haka ɗan Cek yakan manta su, ko ya sa ɗaya a gurbin ɗaya. A salon magana wannan yana canja manufa. A piece of cake abu ne mai sauƙi. Amma a piece of the cake yankin kek ne na gaske, ko rabon da mutum yake nema a cikin wata riba.

Na biyu, jerin kalmomi. A harshen Cek ƙarshen kalma yana canjawa don ya nuna aikinta a jimla, don haka ana iya juya kalmomi gaba da baya. A Turanci ba haka ba ne, balle a salon magana. Ba a cewa between a hard place and a rock. Haka ma a Hausa ba a cewa baya sayaki, gaba kura. An ji manufar, amma an san baƙo ne ya faɗa.

Na uku, nauyi da wuya. Harshen Cek yana da kalma ɗaya, těžký, mai nufin abu mai nauyi da kuma abu mai wuya. Sai mai koyo ya kira jarrabawa heavy. Turanci ya raba su. Buhu shi ne heavy. Jarrabawa kuwa hard ce, ko difficult.

Na huɗu, hard da hardly. Sun yi kama, amma kishiyoyi ne. He works hard na nufin yana aiki tuƙuru. He hardly works na nufin da ƙyar yake taɓa aiki. Haruffa biyu ne suka raba yabo da zargi. Mai rubuta wa wani takardar shaida ya kula da wannan sosai.

YADDA AKE RIƘE SU

Mai koyo ya samu ƙaramin littafi. A kowane shafi ya rubuta magana ɗaya, gaba ɗayanta, ba kalma ɗaya ɗaya ba. A ƙarƙashinta ya zana hotonta, ko da zanen bai yi kyau ba. Sannan ya rubuta takwararta a harshensa. A ƙarshe ya ƙirƙiro jimla ɗaya daga aikinsa na yau da kullum.

Magana biyu ko uku a mako sun isa. Fahimta ita ce kan gaba, domin mai koyo zai ji su a bakin mutane tun kafin ya iya faɗinsu. Idan aka faɗa masa wadda bai sani ba, ya tambaya: What do you mean? Wato, me kake nufi? Ya yi tambayar kafin ya amsa aiki ko ya sa hannu a takarda.

Yawancin waɗannan maganganu na hira ne da bakin aiki. Ba a cika sa su a takardar neman aiki ko wasiƙar ofis ba. A can kalmar difficult ta wadatar. A hira ma ɗaya ta isa. Wanda ya jera uku a jimla ɗaya ya cika wa miya gishiri.

AIKIN GIDA

A zaɓi maganar Turanci da ta dace da kowane labari.

1. Wata mata ta karɓi ɗinkin kayan biki na gidaje biyar, ga keken ɗinkinta ɗaya, ga kwana huɗu kawai.
2. Wani ya bar aiki saboda maigidansa mai faɗa ne, ya koma inda ba a biyan albashi.
3. Zoben wata yarinya ya faɗi a filin kasuwa ranar cin kasuwa.
4. Magina sun gama tushe da bango da rufi, saura fenti.
5. Zazzaɓin yaro ya sauka, amma likita ya ce a bar shi a asibiti kwana biyu.
6. Wani yana share ganye a ƙarƙashin bishiya, iska tana kaɗo wani.

Tambayoyi:

7. Mene ne bambancin aikin Hakulis da aikin Sisifas?
8. Wace shekara ƙasar Cek ta shiga Tarayyar Turai?
9. Wace jimla ce yabo: He works hard, ko He hardly works?

AMSOSHI

1. To bite off more than you can chew.
2. Out of the frying pan into the fire.
3. Like looking for a needle in a haystack.
4. To break the back of the work.
5. Not out of the woods yet.
6. A Sisyphean task.
7. Aikin Hakulis yana da wuya amma yana ƙarewa. Na Sisifas ba ya ƙarewa.
8. Shekarar 2004.
9. He works hard.

Wanda ya ci shida ko fiye ya ci ƙarfin darasin. Wanda bai kai ba ya koma kashi na uku da na huɗu, ya sake duba hotunan, sannan ya sake gwadawa bayan kwana biyu.